Usta Almu, Mai Shayar da Ƙarfe

Da an sallame sallar asuba a masallacin Hillar Maliki, kowa yakan kama gabansa. Manoma su nufi hawasha, gonakin nan da ke shan ruwan tur'a, hanyar ruwan da aka haƙo daga kogi. Masu shago su je su ɗaga ƙofa, tsofaffi su koma ƙarƙashin rumfa jiran shayi. Usta Almu kuwa gida yake komawa, ya ɗauki jarka da tsohuwar butarsa, ya fita zagaye.

Yakan fara da gindin turken da ke ɗauke da tiransifoma, ya bi ta ɗakin shan magani, ya ratsa makaranta, ya ƙare a tankin ruwa inda mata ke ɗiba. A kowane wuri akwai sandar ƙarfe da aka kafa can cikin ƙasa, kanta kawai ake gani, an ɗaure mata waya mai kauri. Sai ya durƙusa, ya share kashin awaki da tafin hannu, ya girgiza wayar ya ji ko ɗaurin ya saki. Sannan ya tsiyaya ruwa a hankali, kamar mai ba marar lafiya, ya jira ƙasa ta shanye, ya ƙara. Wani lokaci ya barbaɗa gishiri da garin gawayi.

A bakin tanki yake haɗuwa da Iya Hindu, taubashiyarsa, wadda ba ta taɓa barinsa ya wuce lafiya ba.

"Manomin ƙarfe! Yau ma bai tsiro ba?"

"Shina tsiro ta ƙasa, Hindu. Ke ce ba ki ganin komi sai abin da za ya shiga baki."

"To Allah shi nuna muna ranar girbi. Ni dai a aje mani mudun ƙusa, zakka."

Mata su kwashe da dariya, shi ma ya murmusa, ya ci gaba da tsiyaya ruwansa.

Haka muka taso muka gan shi, haka iyayenmu suka gan shi tun yana da baƙin gemu. A watan da ya wuce ya miƙe a masallaci bayan sallar Juma'a ya ce ya ajiye aiki. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya iya bambanta jar waya da baƙa, kuma ya ce wanda ba ya ganin launi ba shi da hurumin taɓa wutar gidan mutane. Ba wanda ya zo daga Sinja da takardar yabo, ba wanda ya ɗauki hotonsa. To, mu ba za mu jira wani ya zo ya gaya mana darajar namu ba. Da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi za mu jinjina masa, tun yana da kunnen ji.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin wannan shayarwa. Garinmu yana tsakanin Sinja da Abu Hujar, da ɗan nisa daga kogi, a kan baƙar laka. Da damina takan riƙe takalmi ta ƙi saki. Da bazara kuma ta bushe ta dare, har ɗan tsako ya faɗa cikin tsagar a rasa shi. A wannan darewar hatsarin yake.

Usta Almu ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a Jazira, don haka duk bayanin da zai yi wa mutum game da kahraba, wato wutar lantarki, da harshen ban-ruwa yake yin sa. Yakan ce ruwan kogin nan namu ne ake tarewa a madatsar Rusairis da ta Sinnar, a sake shi ta ƙuntatacciyar hanya ya faɗa wa manyan ƙafafun ƙarfe, su yi ta juyawa, juyawar ta haifi wuta. Manyan wayoyin da ke bisa dogayen turaku su ne babbar tur'a. Tiransifoma ƙofa ce da ke rage ƙarfin ruwan, don kada ya kwashe gona. Ƙananan wayoyin da ke shiga gidaje su ne 'yan kwarin da ke bi tsakanin kunya da kunya, ƙwan fitila da fanka da firji kuma su ne shuka.

"Amma kun taɓa ganin hawashar kirki babu masraf?" Haka yake tambaya, yana nufin magudanar da ke kwashe rarar ruwa. "Wanga ƙarfe shi ne masraf. In wuta ta ɓalle daga waya, ƙasa take nema. In ta samu ƙarfe cikin danshi, ta bi shi ta tafi abinta. In ƙasa ta bushe ta saki ƙarfen, sai ta bi ta jikin wanda ya fi kusa."

Bai koyi wannan a aji ba, kuma bai koye shi da arha ba.

Kafin layin hukuma ya iso, garin yana da babur, injin mai shan man dizal da jama'a suka haɗa hannu suka saya bayan wata kakar riɗi mai albarka. Shi ke jawo ruwa daga rijiya zuwa tanki, shi ke ba da haske daga magariba zuwa lisha. Almu saurayi ne a lokacin, aikinsa ya murza injin ya tashi, ya zuba masa mai, ya goge shi. Wayoyin kuwa wani mai wucewa ne ya haɗa su, ya tafi.

Wata ranar bazara da la'asar, ƙanwarsa Zainabu ta kwantar da jaririnta na fari, ta ɗauki bokiti ta tafi tanki ba takalmi, kamar yadda kowace mace ke zuwa. Ta kama kan famfo, hannunta bai sake shi ba. Kafin ihun mata ya kai ɗakin injin, kafin Almu ya kashe babur, ta riga ta tafi.

Wasu suka ce aljanin rijiya ne. Malamai suka ce kwana ne ya ƙare, kuma Almu bai yi musu ba. Ya yarda da ƙaddara, amma ya ce yana son ya san hanyar da ta biyo. Dangin uban jaririn suka ɗauke shi zuwa wani ƙauye kusa da Hajj Abdalla, can Jazira. Bayan sadakar bakwai, Almu ya hau mota zuwa Sinja, ya yi ta tambaya har aka haɗa shi da wani injiniya, Muhandis Osman. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya biyo shi garin a ranar hutunsa. Ya duba wayar da rana ta cinye wa fata inda ta jingina da bututun ƙarfe. Ya zagaya bayan tanki, ya sami sandar da mai wucewar nan ya kafa, ya zura hannunsa har gwiwa a tsagar da ke gefenta.

"Ga ƙarfen nan," ya ce, "amma ƙasa ta gudu ta bar shi."

Almu ya zauna a hannun Muhandis Osman shekaru yana koyo, yana share masa shago, yana hawa turaku. Har yau ba ya ambatonsa ba tare da ya yi masa addu'a ba. Da ya dawo gida aka fara ce masa Usta, wato gwanin sana'a, kuma tun ranar da ya dawo bai bar sandar tanki ta kwana da ƙishi ba.

Shekaru muka yi muna kallon manyan wayoyi suna wucewa ta bisa gonakinmu, suna kai hasken kogin da muke zaune a yankinsa zuwa birane, mu kuwa muna hura fitilar ƙwai. Da aka ce an yarda a sauko mana da layi, ba mu jira a zo a haƙa mana ramukan turaku ba. Gayya aka yi, maza da diga, mata da abinci. Masu cewa mu baƙi ne a ƙasar nan, su zo su ƙirga turakun, su tambayi hannun wa ya kafa su.

Usta Almu ne ya ja waya a kusan kowane gida, kuma yana da sharaɗi ɗaya da ba ya sassautawa: ba ya ba gida wuta sai an kafa sanda. Ya yi faɗa da angwaye masu son haske kafin ranar biki. Ya yi faɗa da attajirai, ya yi faɗa da surukansa. Akwai damina da iska ta tsinka waya ta jefa ta cikin kududdufi a hanyar makaranta, mutane da yawa sun shaida yadda ya tsaya cikin ruwan sama, hannuwa a buɗe, yana mayar da mutane da dabbobi, bai gusa ba sai da aka kashe layin daga can. Da ya dawo gida jiƙe sharkaf, matarsa Ruqaya ta ce masa ko kaza ta fi shi wayon neman mafaka. Ya ce kaza ba ta da ƙanwa.

Kai ne, Usta, wanda ya sa muka girma ba mu san tsoron famfo ba. Mun yi wasa a gindin tankin nan, mun sha da baki daga bututu, ƙafafunmu cikin taɓo, ba mu taɓa sanin akwai abin da ake tsare mu daga gare shi ba.

Sai yaƙi ya zo.

Wutar hukuma ta fara da ɗaukewa tana dawowa, daga baya ta tafi gaba ɗaya. Wasu masu bindiga suka ratsa ta garin, suka farke tiransifoma suka kwashe abin da ke cikinta. Man dizal ya ɓace, hanyoyi suka rufe. A lokacin ne kuma mutane suka fara kwararowa daga Jazira, a ƙafa, a kan jakuna, da tsofaffi a bisa amalanke. Makaranta ta cika, masallaci ya cika, kowane gida ya raba tsakar gidansa biyu.

Cikin waɗanda suka zo akwai wani magidanci mai kusan shekara arba'in, da matarsa da 'ya'yansa da karo, keken jakin da yake sana'ar jigila da shi. Ya yi sallama a ƙofar Usta Almu ya ce shi ne Ɗayyabu ɗan Zainabu. Usta ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya juya ya shiga ɗaki. Ruqaya ce ta fito ta karɓe su. Dangin ubansa ba su taɓa gaya masa yadda uwarsa ta rasu ba, sun ce masa faɗuwa ta yi a wurin ɗibar ruwa. Usta ma ya kasa buɗe maganar.

Ruwa ya zama shi ne damuwar kowa. Rijiya na nan, amma babu abin da zai jawo. Waɗanda suka sha daga tur'ar da ta daina gudu suka fara amai da gudawa, aka binne yara. Usta Almu ya bi masu lambu a bakin kogi ɗaya bayan ɗaya, ya roƙe su faya-fayan hasken rana da suke ban-ruwa da su. Suka bayar. Ya jera su a gefen tanki, ya haɗa su, ya kai wutarsu ga injin rijiya. Ranar da ruwa ya sake zubowa, tsofaffi sun yi kuka. Sai dai wannan wutar tana da lokacinta: in rana ta ɗaga take aiki, in ta karkata ta tsaya.

Ruwan bai isa kowa yadda ake so ba, aka koma rabo. Nan aka fara gunaguni a kan butar Usta: ana auna wa yara ruwa da kofi, shi kuwa yana zubar da shi a ƙasa. Bai yi gardama da kowa ba. Ya kai babban baho masallaci ya ajiye a wurin alwala, ruwan da ya zubo daga fuskokin masallata da shi yake shayar da ƙarfensa.

Wani abu kuma ya shigo gari. Tun da layin hukuma ya mutu, wayoyinsa suka zama igiyar kowa. Da su ake ɗaure shinge, da su ake shanya, da su ake gyara ƙafar gado. Kuma magana ta bazu cewa kahrabar rana ba ta cizo. Kowa ya taɓa ɗan faifan da ake cajin waya da shi bai ji komai ba, sai aka ɗauka duk wutar da ta fito daga rana sanyi gare ta, ta madatsa ce kawai mai kisa. Usta ya yi ta faɗa cewa faifai ɗaya kofi ne, amma in an haɗa su da yawa tur'a ce. Aka riƙa cewa, "Tamam, ya Usta," ana wucewa.

Wata safiya a tsakiyar bazarar nan ya iso bayan tanki da butarsa, ya durƙusa, ya miƙa hannu don ya girgiza wayar. Hannunsa ya kama iska. Ga sanda a kafe, amma wayar da ta haɗa ta da bututun tanki babu ita, an kwance ta tun daga sama har ƙasa.

Ya ɗaga kai. Rana ta fara taɓa gefen faifai. A ɗaya ɓangaren mata sun yi layi da jarkoki, yawancinsu ba takalmi, a tsaye cikin taɓon jiya. Shi kaɗai ya san wayar injin ta tsufa, cewa ya naɗe ta da duk abin da ya samu, kuma tana ɗan yoyon wuta da sandar nan ke shanyewa kullum. Tsohon da gwiwa ke hana shi doguwar tsayuwa a salla ya yar da buta ya ruga. Ya shiga ɗakin injin, ya sauke makunni, ya fito ya datse ƙofar da kwado, ya zauna a bakinta yana haki.

"Ba ruwa," ya ce, "sai an maido wayar da aka ɗauka."

Wurin ya ruɗe.

"Wace waya kuma? Ba ta hukuma ba ce? Ai ta mutu!"

"Ya Usta, ka ji tsoron Allah, tun jiya ɗiyana ba su sha ba."

"Wutar rana ce fa! Mi za ta yi wa mutum?"

Wata daga cikin baƙin, da goyo a bayanta, ta ɗauki jarkarta ta ce ita tur'a za ta, gara ciwon ciki da ƙishi. Wasu suka fara binta. Usta Almu ya ga inda aka tsaya: in ya kunna, famfo na iya kashe wata, in bai kunna ba kafin rana ta karkata, tur'a za ta kashe yara.

Iya Hindu ta tako har gabansa, ta riƙe ƙugu. Wannan karon babu wasa a muryarta.

"Almu, na san ka da taurin kai tun muna tsirara. Gaya mani gaskiya. Tsoro na, ko ka ga wani abu?"

"Taho ki gani da idonki."

Ya sa aka ja kowa baya. Ya ba limami mabuɗi ya ce ya ɗaga makunni in ya yi masa alama, ya sauke da zarar ya sake ɗaga hannu. Ya tsaya a kan busasshen katako, ya ciro testa daga aljihu, ɗan sukudireban nan mai ƙwai a ciki, ya ɗora bakin testar a kan famfo. Injin ya yi gurnani. Ya kāre hasken rana da tafin hannu, Iya Hindu ta leƙa. Ƙwan ya kama, ja kamar garwashi.

Iya Hindu ta ja da baya. Tana cikin matan da ke layi ranar da Zainabu ta kama famfon nan. Ta juya ga jama'a.

"Duk wadda ta matso kusa da wanga famfo, ni za ta fara gamuwa da ita. Ke kuma mai goyo, aje jarkar nan. Ba mai zuwa tur'a."

Aka bazu neman waya gida gida, ba a samu ba. Wadda ke kan turaku ba jan ƙarfe ba ce, kuma an riga an gutsuttsura ta. Usta ya ce in da za a sami siraran wayoyin cikin ɗaki da yawa, a tufka su wuri ɗaya, za su yi. Sai kowa ya sunkuyar da kai. Wayoyin bangon ɗakunan nan ba sa ɗauke da komai tun da layi ya mutu, amma ba wanda ya taɓa su. Cire su kamar fidda rai ne da dawowar wuta, kamar yarda ne cewa rayuwar da aka sani ba za ta komo ba.

Gida ɗaya ne wayarsa ke da rai. Ruqaya tana fama da ciwon ƙirji, zafin bazara yana toshe mata numfashi, don haka Usta ya ajiye mata ɗan faifai a kan rufi, ya ja waya zuwa fankar da ke kan gadonta. Bai je ya tambaye ta ba, kuma ba zai iya ba. Labari ne ya kai mata.

Ana cikin haka sai aka hango ta tafe a tsakiyar titi, tana tsayawa tana hutawa, waya a naɗe a hannunta. Da kanta ta hau kujera ta ɓalle ta daga bango. Ta ajiye a gabansa.

"Ruqaya, numfashinki..."

"Kafin a yi fanka da mi nike numfashi? Ina da mafici. Tashi ka yi aikinka, rana na tafiya."

Ba wanda ya yi shela. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa da wayoyi, wasu da sauran farar ƙasar bango a jikinsu. Tsofaffin da suka iya saƙar gado suka zauna a inuwar tanki, aka feɗe wayoyin, suka kama tufka kamar igiya, Usta yana bi yana matsewa.

Rana ta kai tsaka sai ga Ɗayyabu ya dawo daga bakin kogi, inda ya yi sammako ɗaukar kaya. Ya tsayar da jaki yana tambayar abin da ya tara mutane. Idon kowa ya sauka a kan karonsa. Ga wayar nan, an yanka ta guntu-guntu, an ɗaure allunan keken da suka ɓalle.

Samari suka yi kansa. Usta Almu ya ɗaga hannu.

"Ba mai taɓa shi. Ɗana na."

Ɗayyabu ya sauko daga kan karo. "Kawu, wallahi na ɗauka ta mutu. Ƙasa kawai na ga ta shiga, ba ta zuwa ko'ina. Kuma an ce ta rana ba ta..."

"Na sani. Taho."

Ya kama hannunsa kamar ƙaramin yaro, ya kai shi gaban famfo na farko, ya nuna masa ƙasa.

"Nan uwarka ta tsaya. Ba faɗuwa ta yi ba. Wuta ta ɓalle ta nemi ƙasa, ba ta samu hanya ba sai ta jikinta. Kana kwance gida, ko zama ba ka fara ba." Ya ɗago ya dube shi. "Da na gaya maka tun ranar da ka zo, da ba ka taɓa ta ba. Na kasa. Halas, ya wuce. Ɗauko diga, mu buɗe gindin sandar, ƙarfina ya ƙare."

Ɗayyabu ya yi haƙa yana kuka, ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Aka zuba gawayi da gishiri, aka juye ruwan alwalar da ya rage, aka ɗaure sabuwar igiyar jan ƙarfe daga bututu zuwa sanda. Inuwar tanki ta fara miƙewa gabas lokacin da limami ya sake ɗaga makunni. Usta ya ɗora testa, ya kāre da hannu. Ƙwan bai kama ba. Ya cire takalminsa, ya taka taɓo, ya kama famfon da hannunsa ya murɗa.

Ruwa ya zubo.

Iya Hindu ce ta farko a layi. Ta tara kofi ya cika, kowa na jiran ta kai baki, don tun safe ba ta sha ba. Sai ta zagaya bayan tanki, ta durƙusa da ƙyar, ta tsiyaye shi a gindin sanda.

"Sha, ɗan nema," ta ce wa ƙarfen. "Ashe kai ka daɗe kana yi muna aiki."

Mai goyon nan ta yi yadda ta yi, ta bayanta ma haka. Har yau duk macen da ta zo ɗiba a Hillar Maliki, kofin farko na sanda ne. Kason Usta ake ce masa. Baƙin da suka koma garuruwansu sun tafi da al'adar, an ce akwai inda ake yi ba a ma san sunan wanda aka gada ba.

Ruqaya ta ƙarasa bazarar nan da mafici, Usta ne mai yi mata fifita bayan azahar. Ɗayyabu bai koma Jazira ba. Ya zauna a hannun kawunsa yana koyo, kuma wayar farko da ya ja da hannunsa ita ce ta fankar Ruqaya. Yanzu shi ke hawa turaku.

Kai ne manomin ƙarfe, Usta, kuma mun ga girbin. Mu ne. Duk yarinyar da ta je tanki ta dawo, duk uwar da ta tsufa ta ga jikoki, daga gonarka suka fito. An yi maka dariya kusan rabin rayuwarka ba ka fasa ba, ba ka kuma riƙe kowa a zuci ba. Ka ɗauki rashin da zai iya mayar da mutum mai ɗaci, ka mai da shi aikin kowace safiya. Mun gode. Allah ya jiƙan Zainabu, ya saka wa Muhandis Osman, ya ƙara wa Inna Ruqaya lafiya, ya sa ruwan da ka zuba ya tarye ka a ranar ƙishi.

Ku kuma da ke karanta wannan, a Sinnar kuke ko a Kano, ku zagaya bayan gidanku ku duba ko akwai sanda, ko wayarta na ɗaure, ko ƙasarta na da danshi. Kada ku yarda a ba gidanku wuta babu ita, ta madatsa ce ko ta rana. Kuma in akwai wani a unguwarku da ke yin wani ɗan aiki kullum wanda ba ku ga amfaninsa ba, ku tambaye shi dalili kafin ku yi dariya.

Washegarin ranar da ya ajiye aiki, Usta Almu ya kasa zama. Bayan asuba ya ɗauki buta ya fita, yana lalube da sanda. Ya isa bayan tanki, ya cire takalmi, don yanzu ƙafarsa ta fi idonsa gani. Ƙasar ta yi sanyi, laka ta shiga tsakanin yatsunsa. An riga shi.

"Ka makara, manomin ƙarfe," Iya Hindu ta ce daga cikin layi. "Koma gida ka sha shayi."

Ya tsaya jim, ƙafarsa cikin danshi. Sannan ya durƙusa, ya laluba ya sami wayar, ya girgiza ta ya ji ɗaurin da ƙarfi, ya tsiyaya nasa a kai.